Kunyar 'Yar Fari a Ofishin Jakada

An ɗaura mini aure a ƙofar gidanmu da ke unguwar Sa'alaba a Jidda, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma babu wanda ya rubuta ko harafi ɗaya. An shimfiɗa tabarmi, limamin lungunmu ya zauna a tsakiya, Baba ya bayar, aka karɓa, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino. Ni ina can ƙuryar ɗaki a lulluɓe, zufa na bin bayana, sai guɗar Gwaggo na ji. Haka aka ɗaura na uwata, haka aka ɗaura na kowace mace a lungun, kuma ban taɓa jin wadda aurenta ya ƙi zama don rashin takarda ba.

Abin da ya bambanta nawa shi ne angon. Mutumin Filifin ne, Musulmi daga kudancin ƙasarsu, gajere, mai yawan murmushi, yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfani da ke unguwar Bani Malik. Shekarun nan ne da kuɗin mai ya cika Jidda da baƙi, kullum ka fita sai ka ga sabuwar fuska. Mutanen unguwarmu ba su wahalar da kansu wajen bambancewa ba. Duk mai ƙananan idanu a wurinsu Jawa ne, don haka shi ma Jawa suka riƙa ce masa har ya bar garin. Wurin tsiren Baba ya fara zuwa da yamma, ya ci yaji har hawaye na zuba, gobe kuma ya dawo. Baba ya ga ba ya wasa da salla, ba ya ɗaga murya, sai ya fara ajiye masa tsoka mai kyau. Ni ce nake kai wa Baba ƙuli da yaji daga gida. Ba zan yi ƙarya ba, ni na fara kallonsa.

Ba shi da kowa a Jidda sai wani dattijo ɗan ƙasarsu, wanda ya yi karatu a Makka har Larabci ya zauna a bakinsa. Shi ya karɓa masa auren, shi ne kuma tafintanmu a duk maganar da ta fi ƙarfin ɗan Larabcin mijina.

Mu kuwa ba mu da takarda, kowace iri. Baba ya iso ƙasar nan yana ƙarami, a ƙasa, ta Sudan, tare da iyayensa da suka fito aikin hajji ba su koma ba. Ni a Jidda aka haife ni, a ɗakin da aka lulluɓe ni ranar auren, amma ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ni da fasfo. Nijeriya a bakin Gwaggo kawai na san ta. Idan motar jawazat, masu kamen marasa takarda, ta shigo unguwa, sai ka ji lungu ya yi tsit. Tun ina 'yar shekara shida na san yadda ake shiga ƙarƙashin gado a ja buhu a rufe ƙafa. Wanda aka kama jirgin ruwa ake sa shi, a kai shi ƙasar da aka ce tasa ce ko da bai taɓa ganin ta ba.

Sati guda da tarewata a ɗakin da Baba ya ba mu cikin gidan, mijina ya shigo da wata takarda mai layi-layi, ya shimfiɗa ta a kan gado yana lallaɓa ta da tafin hannu.

"Waraga," ya ce. "Lazim waraga," wato takarda dole ce.

Da hannu da ido da guntun Larabci ya fahimtar da ni. A dokarsu, ɗan ƙasar da ya yi aure a waje dole ya kai rahoto ofishin jakadansu, su rubuta, su aika gida. In bai yi ba, gwamnatinsu tuzuru take kallonsa, matar kuma ba a san da zamanta ba.

Dariya na yi har da riƙe ciki. Na ce, "Gwamnatinku ce ta ba ka ni, ko Baba?"

Bai ji Hausar ba, amma ya ji dariyar. Na naɗe takardar na sa a ƙasan wata kwalla cikin kayan jerena, na ɗora murfi.

Da ya kai wa Baba maganar ta bakin dattijon, Baba ajiye wuƙar yankan nama ya yi. "In kai 'yata ofis da ƙafarta? Malam, gaya masa mu ba ma shiga ofis. Ofis duk ɗaya ne, ƙofar gaba daban-daban, ta baya guda, kuma bakin teku take kaiwa. An ɗaura aure gaban Allah da jama'a, halas, shi ke nan." Dattijon ya yi ta bayani cewa ofishin jakada ba na hukumar nan ba ne, ba ruwansu da iƙamar kowa. Baba ya ce ya ji, ya ci gaba da yankan namansa.

Mijina bai daina ba. Ya tayar da maganar da na samu ciki, ya sake tayarwa bayan na haihu. Rannan ina fama da wanki ya zo ya tsaya a kaina da waragarsa, na ce masa in ya ƙara ambaton ta zan dafa masa ita da shinkafa ya ci. Ina da baki a lokacin, har yanzu ma ban rasa ba. Ya yi shiru ya fita. Mutum ne da ba ya iya faɗa, ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin na ci nasara.

Mace na haifa. 'Yar fari, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Mutanenmu sun baro gida da daɗewa, sun yar da abubuwa da yawa a hanya, amma wannan sun riƙe ta da hannu biyu, har sun fi na gida tsanani. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukar sa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa. In an ce mata "ina 'yarki?" sai ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba. A ɓoye nake ba ta nono, in na ji tafiya in ajiye ta in kama wani aiki. Matan lungu suna yabona, suna cewa ga yarinyar da ta samu tarbiyya, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Gwaggo yayar Baba ce, ita ta raine ni bayan rasuwar uwata, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Ranar suna ta ɗauki jaririyar ta ce, "Wannan tawa ce," kowa ya ce haka ne. Da aka yaye ta sai ta koma ɗakin Gwaggo gaba ɗaya, tsakar gida ce kawai tsakaninmu. Da bakinta ya buɗe, Gwaggo take kira Inna. Ni kuwa Yaya take ce mini, yadda ta ji yaran maƙwabta suna faɗa.

Mijina ya kasa gane wannan. Shi a kafaɗa yake ɗora ta ya zaga lungu yana rera sunanta, ya sumbace ta a gaban Baba, mata suna leƙe suna ƙyaƙyata dariya, suna cewa Jawa ba shi da ta-ido. Wata rana ya tambaye ni, a hankali, ko ba na son ta ne. Na ji tambayar har cikin ƙashina. Ina son yarinyar nan son da yake sa ƙirjina ciwo. Ta bayan labule nake leƙen ta in tana cin abinci, ina ƙirga lomarta. Amma ban gaya masa haka ba, cewa na yi ya daina tambayar banza. Shi ma kansa ban taɓa kiran sunansa ba, ko a gabansa ko a bayan idonsa, don mace ba ta faɗin sunan mijinta na fari. "Shi" nake cewa, kowa ya san wa nake nufi.

Yarinyar tana da shekara uku ba kaɗan mijina ya dawo gida da azahar, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a bakin ƙofa ko takalmi bai cire ba.

"Halas," ya ce. "Shugul halas. Kafili ya ce huruj."

Aikin kamfaninsu ya ƙare, kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya buga masa fita ba dawowa, kuma kwanakin da suka rage ba su kai wata guda ba. Dattijon ya zo da la'asar ya zaunar da mu. Ya ce hanya ɗaya ce. In ofishin jakada ya karɓi auren, za su ba ni takardar tafiya a matsayin matarsa, yarinyar kuma a sa ta cikin fasfonsa, mu tafi mu uku. In bai karɓa ba, shi zai tafi, ni ba inda za ni, don ba ƙasar da ta san da ni.

Na je na buɗe kwallar. Takardar ta yi ja, kyankyasai sun cinye gefenta. Sai da dattijon ya karɓo sabuwa. Aka kai ni wurin mai hoto a unguwar Sharafiyya, na buɗe fuska aka ɗauka. Tun da ba mu da takardar kotu, aka ce a zo da waɗanda suka shaida ɗaurin auren su yi rantsuwa, sannan a yi wa matar tambayoyi. Wannan karon Baba bai yi musu ba. Ya ciro babbar rigarsa ta salla, ya yi alwala kamar mai shirin tafiyar da ba dawowa. Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafar 'yarta, ai yarinyar ba ta yarda da kowa sai ita. Ba wanda ya ga aibin haka.

A hanya dattijon ya ce mini, "Ya binti, 'yata, duk abin da aka tambaye ki ki amsa da ƙarfi, kar ki ji tsoro." Na ce to. Shi tsoro yake tunani, ni ma tsoron nake tunani.

Ɗakin da aka shigar da mu sanyi ne da shi har haƙorana suna haɗuwa. Wata mata ce a bayan tebur, mai tabarau, gashinta a yanke, ba ɗankwali. Daga baya na ji cewa a lokacin ana kawo musu auren ƙarya, mutum ya ɗauko macen da ke neman hanyar fita ya ce matarsa ce, shi ya sa take tantancewa. Aka jera mana kujeru. Baba yana damana, mijina yana haguna, Gwaggo tana gefe da yarinyar a cinya. Dattijon ya ɗaga hannu ya rantse zai fassara abin da aka faɗa, ba ƙari ba ragi.

Da farko abin ya tafi daidai. Yaushe aka ɗaura, a ina, wa ya ɗaura, duk na amsa. Ta tambayi abin da yake ci da safe, na ce shinkafa, da rana shinkafa, in an tashe shi daga barci ma shinkafa zai nema. Ta yi murmushi, na ji sanyi a raina.

Sai ta ce, ta bakin dattijon, "Mene ne sunan mijinki?"

Idona ya sauka a kan ƙafar Baba. Ina ganin babban yatsansa cikin takalmi, da farcen da wuƙa ta taɓa fasawa. Sunan yana bakina, na san shi kamar yadda na san fatiha, amma harshena ya yi nauyi. A gaban Baba? A gaban Gwaggo?

Na ce, "Ga shi nan zaune."

Ta sake tambaya.

Na ce, "Ai yana cikin takardar."

Mijina ya taɓa gwiwar hannuna. "Guli," ya ce, "guli," wato in faɗa. Baba ya yi gyaran murya ya ɗaga kai yana kallon silin, don shi ma kunyar ta kama shi. Gwaggo ta ja tsaki ta ce da Hausa, "Wace irin tambaya ce wannan ta rashin ɗa'a?" Murmushin matar ya ɗauke. Ta rubuta wani abu.

Ta nuna yarinyar da alƙalami. "Wannan 'yarki ce?"

Wallahi ban yi shawara da zuciyata ba. Kaina ne ya sunkuya da kansa, hannuna ya ja mayafi ya rufe rabin fuskata, yadda na saba yi shekara uku duk lokacin da aka yi mini wannan tambayar. Gwaggo kuma ta amsa yadda ta saba amsa wa kowa, ta rungume yarinyar ta ce da Larabci, da ƙarfinta, "Binti ana. Tawa ce."

Dattijon ya dube ni. Ya riga ya rantse, sai ya fassara. Ya soma ƙarin bayani, matar ta ɗaga masa hannu. Ta taso ta zagayo, ta durƙusa a gaban yarinyar, ta ciro alewa daga aljihu ta ba ta. Da ɗan Larabcinta ta ce, "Fen mama?" wato ina mama.

Yarinyar ta juya ta cusa fuska a ƙirjin Gwaggo.

Matar ta nuna ni. "Wannan fa?"

Ta leƙo da ido ɗaya, alewar na bakinta. Ta ce, "Yaya."

Matar ta tambayi ma'anar kalmar. Dattijon ba ya jin Hausa, sai ya tambayi Baba. Baba mutum ne da bai iya ƙarya ba ko ta ceton rai. Ya ce, "Babbar 'yar'uwa."

Ta koma kujerarta ta yi ta rubutu, ba ta ɗago ba. Mijina ya miƙe yana magana da yarensu da sauri-sauri, yana nuna ni, yana nuna cikina, yana nuna yarinyar, hawaye na bin fuskarsa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ran nan, in ba na yaji ba. Sai a lokacin na gane abin da na yi. Na yunƙura zan yi magana, dattijon ya girgiza kai, ya ce mini a hankali duk abin da na faɗa yanzu za a ce koya mini aka yi.

Hukuncinta gajere ne. Yarinyar za ta shiga fasfon ubanta, tun da ya rantse tasa ce, kuma fuskarta ma ta shaida. Auren kuwa ba za ta sa hannu ba. Za ta aika babban birninsu da abin da ta gani da abin da ta ji, su yanke. Amsar tana ɗaukar watanni. Na yi shekaru ina tsine wa matar nan a zuciyata, amma ko ni ce a kujerarta abin da zan rubuta ke nan. Ta ga macen da ba ta san sunan mijinta ba, da yarinyar da ta nuna wata uwar.

A cikin tasi muna komawa Gwaggo ta dafa cinyata. "Kin kyauta, 'yar nan. Kin nuna musu ke 'yar mutunci ce."

Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. "Mutuncin me, Gwaggo? Mutuncin zai ba ni fasfo? Kin kashe ni, na kashe kaina, kina ce mini na kyauta!"

Matar da ta raine ni, ban taɓa ɗaga mata murya ba. Direban ya waiwayo. Baba ya ce, "Ya isa."

Saura maganar yarinyar. Baba ya ce 'ya ta uba ce, shi ba zai hana ba. Mijina kuwa bai yarda ya yanke shi kaɗai ba. Washegari da hantsi ya same ni a ɗaki ya rufe ƙofa, ya ajiye fasfonsa a tsakaninmu. Ya ce in na ce a bar ta, zai bar ta. Na dubi ƙarƙashin gadon da nake zaune a kai. Na tuna warin buhu a hancina, da 'yar maƙwabciyarmu da aka koro daga ƙofar makaranta don ba ta da takarda. In ta zauna, ni za ta zama. Na ce masa, "Tafi da ita. In amsa ta zo na biyo ku." Ba wanda ya tilasta mini, da bakina na faɗa.

Da labari ya fita Gwaggo ta faɗi a tsakar gida tana birgima. Matan lungu suka cika gidan suna ba ta haƙuri, wannan ta riƙe ta, waccan ta yi mata fifita, ana cewa Allah sarki, za a raba ta da 'yarta. Ni aka ce in ɗora shayi in kawo wa baƙi. Na ɗora, na zuba, na bi su ɗaya bayan ɗaya da faranti. Ba wadda ta dube ni ta ce sannu, kuma ba mugunta ba ce, a wurinsu ba ni da abin da za a yi mini sannu a kai.

Ana gobe tafiya na shiga ɗakin Gwaggo na ɗauki yarinyar ba tare da na nemi izini ba. Na kai ta ɗakina na saki labule, na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna na yi mata kitso. Gashinta irin na ubanta ne, santsi gare shi, yana ta zamewa, sai da na yi ƙanana na ɗaure bakin da zare. Tana ta mutsu-mutsu tana cewa za ta wurin Inna. Da na zo layin ƙarshe na sunkuya na kira sunanta a hankali. Ta waiga ƙofa tana neman wanda ya kira ta. Ba ta san sunan da muryata ba.

A lokacin filin jirgi a cikin gari yake, dab da Sharafiyya. Marar iƙama ba ya kusantar ƙofarsa, don haka a tsallaken titi muka tsaya, ni da Baba da Gwaggo, rana na dukanmu. Mijina ya riƙe hannuna a gaban Baba, ban janye ba. Ya ce, "Waraga tiji, inti tiji," takarda ta zo, ke ma ki zo. Ya ɗora yarinyar a kafaɗa yadda ya saba, ya tsallaka. Da ta ga ana nisa da mu sai ta fasa kuka tana miƙo hannu, tana kiran Inna, Inna. Ina ji har suka shige.

Wasiƙu sun riƙa zuwa ta hannun dattijon, ya zo ya zauna a zaure ya karanta mini. Sun isa lafiya. Tana cin kifi. Kitson ya warware, ba wanda ya iya irinsa. Garinsu ba lafiya, ana faɗa tsakanin sojoji da mutanen daji, sun koma wurin wani kawunsa. Yana neman sabon kafili ya dawo, bai samu ba.

Amsar babban birni ta zo bayan an yi azumi an yi hajji. Ba su ƙi ba, ba su karɓa ba. Sun ce saboda shakkar da aka rubuta, sai miji da mata sun bayyana tare a gaban jami'i, a sake tambayoyi, su sa hannu a zama ɗaya. Shi yana can ba shi da hanyar shigowa, ni ina nan ba ni da hanyar fita.

Ban gaya wa kowa ba na ɗauki mayafina na tafi ofishin ni kaɗai, ni da aka raina da tsoron ƙofar ofis. Ɗakin jira cike yake da mazan ƙasarsu. Ban jira an kira ni ba. Na tsaya a tsakiya na faɗi sunan mijina da ƙarfi, da na ubansa, na faɗi sunan 'yata, na bugi ƙirjina na ce ni na haife ta, a ɗaki kaza, ranar kaza, ungozoma tana nan da rai. Na maimaita har muryata ta dishe. Mai gadi ya taso, sai ga matar mai tabarau ta fito. Ta gane ni. Ta kama hannuna ta zaunar da ni, ta sa aka kawo ruwa, aka nemo wani ya fassara. Ta ce yanzu ta yarda, ta yarda ƙwarai. Amma takardar ta riga ta fita daga hannunta, sai mijina ya zo mun zauna tare.

Wasiƙar ƙarshe da hoto ta zo. Yarinyar tana tsaye a gaban wani gidan katako, ta yi tsawo, an yanke mata gashi iya kunne. Dattijon yana karantawa ya tsaya a wani wuri, ya ce sauran gaisuwa ce. Na ce ya karanta mini duka, ai ya taɓa rantsuwa ba ƙari ba ragi. Ya karanta. Mijina ya ce yana ajiye da hoton nan nawa na Sharafiyya, kullum yana nuna mata yana cewa ga mamarki. Sai ta ce a'a, wannan Yaya ce, ina Inna?

Na sa dattijon ya rubuta amsa a take. Na ce a gaya mata ni ce, a gaya mata kullum har ta yarda. Mun aika wannan, mun aika wasu bayanta, ba wadda aka amsa. Dattijon ya tambayi duk wanda ya zo hajji daga yankinsu, wasu suka ce ƙauyen ya tashi, ba wanda ya san inda mutanensa suka nufa. Daga baya shi ma ya koma gida, hanyar ta toshe gaba ɗaya.

Gwaggo ta rasu da hoton a ƙarƙashin matashinta, ni na yi jinyarta, kuma mun yafi juna. Bayan shekaru liman ya aiko a tambaye ni ko ina so a raba auren, tun da miji ya ɓace, in samu in yi wani. Na ce a bar mini abina. Gwamnatinsu ta ce ba ta san da shi ba, ba zan taya ta ba.

Yanzu in baƙuwa ta zo lungunmu ta tambaye ni ko ina da 'ya'ya, ba na bari ta rufe baki. Ina cewa ɗaya, mace, 'yar fari, in faɗi sunanta cikakke har da na ubanta. Tsofaffin da suka san ni da ƙuruciya sukan kawar da kai, 'yan mata kuma su yi dariya su ce tsohuwar nan ba ta da kunya. Nakan ce musu a da ina da ita.